Laimomin Cherbourg a Ƙasar Adar: Sun Kai a Biya Kuɗin Mota?

Ɗalibin lise a Madawa, Buza ko Keita da ya taɓa neman jerin finafinan soyayya da duniya ta fi yabo a wayarsa, da wuya bai ci karo da wani tsohon fim na Faransa ba, mai suna Les Parapluies de Cherbourg, wato laimomin garin Cherbourg. Jacques Demy ne ya shirya shi. Ya fito a 1964, ya kuma ɗauki babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a shekarar. Shi ne ya fito da sunan Catherine Deneuve tana ƴar shekara 20, kuma Damien Chazelle, wanda ya yi La La Land a 2016, ya sha faɗin cewa wannan fim na cikin abubuwan da suka koya masa sana'a.

Masu yabonsa kan ƙara da cewa ba a sanin daɗinsa sai a silima, a gaban babban allo. Ga mazaunin Faris wannan maganar tikiti ce kawai. Ga ɗan Adar maganar kuɗin mota ce. Zauren silima na zamani da aka fi jin sunansa a Nijar shi ne Canal Olympia, wanda aka buɗe a Yamai a 2017 da kujeru 300, kuma daga Madawa zuwa Yamai tafiya ce ta kusan kilomita 500. Na Buza da na Keita sai sun fara cin tasu hanyar kafin su hau babban titi. Ko an je ma, irin waɗannan zauruka sabbin finafinan Amurka suka fi cika su. Saboda haka rabin amsar ba ta da wuya: kada wani yaro ya cinye kuɗin rajistar jarrabawarsa don ya je Yamai kallon laima. Ɗaya rabin ne ke buƙatar a zauna, domin fim ɗin ya cancanci kallo, kuma gaskiya ne waya tana zaluntarsa.

Kafin nan, a ajiye maganar kyauta gefe. Alƙalan Cannes mutane ne ƙalilan, ana sauya su duk shekara, kuma abin da ya burge su ba lalle ne ya burge mai kallo a Tamaske ba. Fim ɗin da ya ci a 2012, Amour na Michael Haneke, labarin wani tsoho ne da ke jinyar matarsa da shanyewar jiki ta kama, har ƙarshe ya danne ta da matashin kai. Wanda ya ci a 2013 kuwa yana ɗauke da tsiraici mai tsawo wanda ba mai iya kallonsa a gaban ƙaninsa. Dillalin albasa a kwarin Tarka ba ya biya don an ce masa daga Galmi take. Sai ya kwance bakin buhu ya tura hannu har ƙasa. Haka ya kamata matashi ya yi wa duk fim ɗin da aka kawo masa da tambarin yabo: ya fara tambayar me ke ciki.

Abin da ke cikin na Demy shi ne wannan. Guy bakanike ne a wani gareji, shekararsa 20, yana zaune da gwaggonsa Élise mara lafiya, wadda ta raine shi. Geneviève yarinya ce da ba ta kai ashirin ba, tana taya uwarta, Madame Emery, tsaron shagon laima da bashi ya fara ci. Suna son juna, suna zancen aure, uwa tana cewa duk yarinta ce. A watan Nuwamba na 1957 takarda ta iso: an kira Guy aikin soja na shekara biyu, a daidai lokacin da Faransa ke yaƙi a Aljeriya. Daren bankwana suka aikata abin da bai kamata ba. Ya hau jirgin ƙasa ya tafi, ya bar ta da ciki.

Wasiƙunsa suka yi ta raguwa. Ana haka sai wani mai fataucin lu'ulu'u, Roland Cassard, wanda ya taɓa fitar da uwar daga kunya ta hanyar sayen sarƙar wuyanta, ya nemi auren yarinyar. Aka faɗa masa tana da ciki, ya ce ya ji ya gani, zai riƙe abin da aka haifa. Aka ɗaura, suka bar garin. Guy ya dawo a watan Maris na 1959 yana ɗingishi, ya tarar an sayar da shagon. Ya yi faɗa a wurin aiki ya bari, ya faɗa shan giya, gwaggonsa ta rasu. Wadda ta tsamo shi ita ce Madeleine, yarinyar da ta yi ta jinyar tsohuwar tana sonsa a zuci ba ta taɓa furtawa ba. Ya aure ta, ya buɗe gidan mai da abin da ya gada. A watan Disamba na 1963, cikin dare da ƙanƙara, wata mota ta tsaya shan mai. Geneviève ce, da ƴarsu a ciki. Suka yi ƴar magana a ofis, ta tambaye shi ko yana son ganin yarinyar, ya ce a'a. Ta ja mota ta tafi, shi kuma matarsa da ɗansa suka dawo ya tarye su da wasa. Duka duka minti 91.

Ɗan Adar ba ya buƙatar a yi masa tafsirin wannan labari. Da an gama kaka motoci ke cika da samari masu tafiya biɗa: Abijan, Legas, Kamaru, Libiya, Tamanrasset. Wani ya dawo da ruwan fari, wani sai bayan shekara uku, wani kuma sai labari. Lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da haƙa ramukan dashen itace, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne maza ba sa gida. Garin da aka gina a kan tafiyar maza da jiran mata ya san Geneviève tun kafin a haifi Demy. Kusan kowace unguwa tana da budurwar da saurayi ya ce ta jira shi, ya tafi, wani alhaji ya turo magabatansa, uwa ta yi lissafi.

Abin da ya sauya kaɗan ne. A zamanin Guy wasiƙa ce ke makara, yarinya ta ce ƙila laifin gidan waya ne. Yau saƙon murya ne a WhatsApp, kuma shirun ya fi ciwo, domin tana ganin ya hau ya sauka bai ce mata komai ba.

Inda fim ɗin ya rabu da abin da aka saba gani shi ne babu mugu a cikinsa. Wanda ya tashi da finafinan Indiya da na Kano ya san tsarin: mai kuɗin da ya zo neman yarinya azzalumi ne, iyaye masu kwaɗayi ne, ƙarshe kuma ko biki ko kabari. A Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 ma a tashar jirgin ƙasa aka ƙare, uba ya saki hannun ƴarsa ta ruga ta kama jirgin da saurayinta ke ciki. A Cherbourg jirgi ya tafi, ba wadda ta bi shi. Cassard mutumin kirki ne, mai kunya, wanda shi ma an taɓa juya masa baya. Madame Emery tana da wayo, tana tura ƴarta inda take so a hankali, amma mace ce mara miji, mai bashi, da ƴa mai ciki a ƙaramin gari a 1958. Wanda zai zage ta sai ya fara faɗin abin da zai yi a madadinta. Ita kanta Geneviève, wadda ta rantse ba za ta rayu ba in ya tafi, tana mamakin yadda ba ta mutu ba, da yadda fuskarsa ke dushewa a zuciyarta sai ta duba hoto.

Wannan ne amfanin fim ɗin ga mai shekara 18. Waƙoƙin soyayya da ake ji a fada da wuraren biki suna koya masa cewa so na gaskiya ba ya tsufa, in kuma ya mutu to wani ne ya kashe shi: kishiya, boka, mai kuɗi, ko uwar budurwa. Demy ya nuna masa wata hanyar da aka fi bi a zahiri, inda nisa da shiru da bashi da tsoron abin kunya ke cin alkawari sannu a hankali, ba tare da kowa ya yi nufin sharri ba. Saurayin da ke shirin hawa motar Agadas ya kamata ya fita daga kallon da sanin cewa "ki jira ni" da aka faɗa a zaure, ba magabata, ba rana, ba ta da nauyin da za ta tsaya gaban goron wani. In da gaske yake, ya tura manyansa kafin ya tafi, ya faɗi lokacin dawowa, in al'amura sun cuɗe a can ya faɗi gaskiya maimakon ya ɓuya. Budurwa kuma ta lura da wanda ya ɗauki nauyin daren bankwanan nan. Guy ya sha wahala a fagen yaƙi, ba a musu, amma cikin a jikin Geneviève ya zauna, kuma shi ne ya ƙwace mata damar jira.

Akwai kuma Madeleine, wadda masu kallo da yawa ba sa lura da ita sai a kallo na biyu. Tana shigowa ɗaki da magani, tana fita. Kafin ta yarda da auren Guy sai da ta tambaye shi ko ya daina tunanin waccan, domin ba ta son zama abin maneji. A duk fim ɗin ita ce ta fi kowa sanin darajar kanta, kuma ita ce ta fi kowa ƙarancin magana.

Sai batun waƙa. Ba a yin magana ko ɗaya a fim ɗin nan. Komai rerawa ake yi, da kiɗan Michel Legrand, har tambayar wane irin mai za a zuba a mota. Turawa da yawa sun ga abin banbarakwai a 1964, kuma Demy ya san za a yi haka, shi ya sa tun a farkon fim ya sa wani bakanike yana ƙorafin cewa shi wasan da ake ta waƙa yana gundurarsa, ya fi son silima. Bahaushe ya fi Bature shirin karɓar wannan. Tun shekarun 1950 ƴan kasuwar Labanan ke kawo finafinan Indiya gidajen silima na Kano da sauran birane, daga baya masana'antar Kano ta ɗauki salon, har waƙar Sangaya ta zama abin da kowane yaro ya iya. Ko aron murya ba baƙon abu ba ne: muryar da ake ji daga bakin Deneuve ta Danielle Licari ce, yadda Lata Mangeshkar ta yi wa taurarin Indiya shekara da shekaru. Bambancin shi ne a nan babu rawa, babu sauya kaya a gindin bishiya, waƙar ita ce hirar. Minti goma na farko za a yi dariya, ba laifi. Zuwa lokacin da aka iso tashar jirgi dariyar ta tsaya da kanta.

Ga dalilin da ya sa ake nacewa a kan babban allo. Mai tsara ɗakunan fim ɗin, Bernard Evein, ya shafe bango da launuka masu ƙarfi, ruwan hoda da kore da shuɗi, har rigar Geneviève takan saje da furannin bangon ɗaki, kamar gidan uwarta na neman haɗiye ta. A tasha kyamara tana ja da baya tare da jirgi, yarinyar tana ƙanƙancewa a kan dandamali. A allon waya mai faɗin tafin hannu tun farko ƙarama ce, ba a ganin ta ragu. Sautin ƴan goge da yawa kuma, in ya fito ta lasifikar waya, ƙara ce kawai. Ga kira na shigowa, ga ɗan yatsa na ƙaiƙayin tura fim gaba. Wanda ya kalle shi guntu-guntu tsakanin bidiyoyin TikTok zai ce an yi masa ƙarya, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Fim ɗin yana da nasa aibin. Ba na yara ba ne. Akwai ciki ba aure, akwai mashaya, akwai daren da Guy ya kwana da karuwa, ko da yake ba a baje tsiraici irin na finafinan Turai na yanzu ba, kuma ba a nuna ko ɗaya daga ciki a matsayin abin burgewa ba. Babban giɓinsa a wani wuri yake. Yaƙin Aljeriya, wanda aka yi daga 1954 zuwa 1962, shi ne ya raba masoyan, amma ba a ga fuskar ɗan Aljeriya ko ɗaya ba. Ana tausaya wa sojan da aka tura, ba a tuna da wanda aka tura shi ya harba. A zamaninsa ambaton yaƙin kawai jarumta ce, tunda finafinan Faransa kaɗan ne suka taɓa shi, amma mai kallo daga ƙasar da ke iyaka da Aljeriya yana da haƙƙin ya lura da wanda aka bari a waje.

Wasu za su ce me ya haɗa su da fim ɗin Faransa yanzu, bayan abin da ya faru tun juyin mulkin Yulin 2023, sojojin Faransa sun fita a Disamba na shekarar, har cibiyar al'adu ta Yamai da ke ɗauke da sunan ɗan fim ɗin Faransa Jean Rouch an mayar da ita ta ɗan fim ɗin Nijar Moustapha Alassane a 2024. Kallon fim ba mubaya'a ba ce. Shi kansa Alassane tare da Rouch ya fara aiki, ya je Kanada ya koyi zanen motsi wurin Norman McLaren, ya dawo ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, inda ya yi wa samarin da finafinan kaboyi suka ruɗa ba'a. Ya kalli na wasu da kyau, shi ya sa ya iya yin nasa.

Abin takaici na gaske shi ne matashin da ya san sunan Deneuve bai san na Oumarou Ganda ba. Kyautar Louis-Delluc ta 1963 da fim ɗin Demy ya samu, shekara biyar kafin nan Moi, un noir na Rouch ne ya ɗauke ta, labarin ƴan ciranin Nijar a unguwar Treichville ta Abijan, kuma Ganda ne tauraronsa. Ganda ya yi wa Faransa soja a Indochine, ya dawo ya shirya Cabascabo, labarin tsohon sojan da abokai da mata suka taya shi cinye kuɗin sallama har ya koma ba shi da ko dala. Wannan shi ne Guy na gida, wanda ba gwaggon da ta bar masa gado. Le Wazzou polygame nasa, da Zalika Souley a ciki, shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972: alhaji ya dawo daga Makka ya ƙyalla ido kan Satou wadda aka yi wa Garba alkawari, Garba ya bar gari, kishi ya jawo kisan kai. A can mai kuɗin ba Cassard ba ne, kuma Ganda bai ji tausayinsa ba. Ga kuma Zin'naariyâ! na Rahmatou Keïta, na 2016, labarin ƴar gidan sarauta da ta dawo Damagaram daga karatu a Faransa tana jiran wanda zuciyarta ke so, fim na farko da Nijar ta aika gasar Oscar. In aka jera waɗannan da na Demy, kowanne yana haska ɗan'uwansa, kuma na gida ba su da abin jin kunya.

Ya rage inda za a samo silimar. Alassane ya yi shekarunsa na ƙarshe a Tawa, yana aikin zanensa a can har rasuwarsa a 2015, kuma bai taɓa ɗaukar silima a matsayin gini mai kujeru kawai ba; ya sha yawo da na'ura yana nuna wa mutane fim a garuruwansu. Ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant ta yi irin wannan a ƙauyukan Nijar, da mota da janareto da allon yadi. Dattawa sun san abin da sunan majigi. Yau kayan sun fi sauƙin samu: na'urar haska hoto ta aro daga makaranta ko wata ƙungiya, lasifika ɗaya mai kyau irin ta masu kiɗan biki, batirin sola ko ƙaramin janareto da aka ajiye nesa don kada ƙararsa ta danne kiɗan, da farin bango ko zanen gado. Fada guda na iya haɗa kuɗin mai daga abin da suke kashewa a shayi da sukari na mako ɗaya.

A nemi izinin shugaban lise ko na gidan matasa, a sanar da mai unguwa, a faɗi abin da ke cikin fim ɗin tun farko don kada wani ya ji an yaudare shi. A sa shi bayan isha'i, lokacin sanyi ko rani da ba fargabar hadari. A shimfiɗa wa ƴan mata tabarminsu gefe guda da sanin iyayensu, a sallami ƙananan yara. Kwafin ya zama cikakke mai tsabta, ba wanda aka matse don ya shiga katin waya ba. Salon fassarar da ake yi wa finafinan Indiya, inda mutum ɗaya ke magana a kan muryar kowa, ba zai yi a nan ba, domin in an danne waƙar ba abin da ya saura. Fim ɗin kashi uku ne, tafiya da rashi da dawowa. Wanda ya ji Faransanci ya miƙe kafin kowane kashi ya ba da labarinsa da Hausa a taƙaice, ya zauna.

Kada a watse da zarar allo ya yi duhu. A jefa tambaya ɗaya, ko Madame Emery ta yi wa ƴarta gata ne ko ta cuce ta, a ga yadda samari da ƴan mata za su rabu gida biyu, musamman in an yi dabarar gayyato uwaye biyu ko uku. Wanda ya fi dacewa ya fara magana shi ne wanda ya taɓa dawowa daga Abijan ko Tamanrasset da akwatin kaya ya tarar an ɗaura, kuma a Madawa da Buza da Keita ba za a sha wahalar samunsa ba.